Skyrim: Gem ɗin da ba ya cin data, amma yana cinye dare

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a garin Karaye ko Rogo bayan sallar La'asar ya san yadda abin yake. Talabijin ɗaya ko biyu, benci, janareta na kuka a bayan shago, yara biyu suna buga ƙwallo, wasu goma a tsaye a kansu kowa na ba da shawara. Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Cikin minti goma an gama, mai shago ya karɓi kuɗinsa.

Akwai wani nau'in gem da ba zai taɓa samun wuri a kan wannan benci ba, domin mutum ɗaya ne ke buga shi, babu abokin karawa, kuma ba a gama shi a zama ɗaya ko a mako ɗaya. Shi ne gem ɗin da mai wasa ke shiga rigar wani jarumi a wata duniya ta ƙage, mai takubba da matsafa da dodanni, ya riƙa yanke wa jarumin shawara tun daga farkon labari har ƙarshensa. Hanyar da irinsa ke bi ya isa ƙananan garuruwa ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, irin wadda ɗalibi ke dawowa da ita hutu daga Kano ko Zariya, daga nan kuma ya bi filash zuwa kwamfutar aboki.

A cikin irin waɗannan wasanni, da wuya a samu wanda ya kai The Elder Scrolls V: Skyrim suna da daɗewa. Kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard. An sake fitar da shi da ingantaccen hoto a 2016, sannan a 2021 lokacin da ya cika shekara 10. A 2023 Howard ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Tun a 2018 kamfanin ya sanar da cewa na shida na nan tafe, masoya suka shafe shekaru suna jira, tsohon kuma bai daina samun sababbin masu buga shi ba.

Tambayar da ta shafi matashin Karaye ko Rogo, da mahaifinsa da ke jin motsi a ɗaki ƙarfe biyun dare, ita ce: me ke cikinsa da ya cancanci wannan lokaci, kuma me yake karɓa a madadinsa?

Fursuna a keken doki

Labarin na farawa ne da mai wasa a ɗaure cikin keken doki, ana tafiya da shi wani gari mai suna Helgen domin a sare masa kai. A daidai lokacin da hauni ya ɗaga gatari sai wani ƙaton dodo mai fiffike, mai aman wuta, ya sauka a kan hasumiya, gari ya kaure, fursuna ya tsere. Daga baya ne yake gano cewa shi mutum ne na musamman da ke iya shanye ƙarfin irin waɗannan dodanni idan ya kashe su, kuma shi kaɗai ne zai iya tarar babbansu, Alduin, wanda aka ce zai cinye duniya.

Wannan shi ne babban labarin, amma ba shi ne ya sa mutane ke maƙale wa Skyrim ba. Da zarar mutum ya fito daga kogon Helgen, gem ɗin sai ya sakar masa mara. Ga tsaunuka masu dusar ƙanƙara, ga dazuzzuka, ga koguna, ga garuruwa, kuma kusan duk inda ido ya hango ƙafa na iya zuwa. Idan ya ga dama ya manta da Alduin, ya tafi farautar barewa, ya koyi ƙira, ya sayi gida a Whiterun, ya yi aure, ya sari itace ya sayar. Babu agogon da ke korar sa. Duniyar da ake cewa za a cinye tana nan tana jiran sa har ya gama harkokinsa.

Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, zai gane wannan tsari ba tare da an yi masa bayani ba. Alhaji Imam ya bar Kwantagora ne da niyya ɗaya, ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da masu karatu suka fi tunawa shi ne abubuwan da suka same shi a hanya, da yadda shi da Malam Zurƙe ke yi wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Haka Skyrim yake. Mutum zai fito da niyyar kai saƙo wani gari, a hanya ya ga kufai a kan tudu, ya ce bari ya leƙa, a ciki ya tsinci wasiƙa a jikin gawa, wasiƙar ta kai shi wani kogo, bayan awa uku ya tuna cewa saƙon yana nan a jakarsa. Bambancin kawai shi ne a nan mai wasa ne Alhaji Imam, kuma shi ke zaɓar mararrabar da zai bi.

Wannan ne ƙarfin gem ɗin na farko, kuma har yau 'yan kaɗan ne suka kamo shi a nan.

Na biyu shi ne yadda jarumi ke ƙwarewa. A wasanni da yawa irinsa, tun farko ake tilasta wa mutum ya zaɓi ko shi mayaƙi ne ko matsafi ko ɓarawo, ya zauna a haka. A Skyrim akwai fannoni 18, kuma kowanne na ƙaruwa ne da yawan yinsa. Mai yawan harbi da kwari da baka zai zama gwanin harbi, mai yawan zama a maƙera zai kai ga ƙera sulken da ba a samu a kasuwa. Tsari ne da duk wanda ya taɓa zama yaron shago a wurin tela ko bakanike zai fahimta: hannu ne ke koyo, ba a sayen gwaninta.

Babu data, babu talla

Ga mai zama a yammacin Kano, akwai wani alheri da ya fi waɗannan kusa da aljihu. Skyrim ba ya buƙatar intanet yayin da ake buga shi. Yawancin gem ɗin waya da matasa ke yayi yanzu, irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty: Mobile, ba sa motsi sai da data, kuma idan sabis ya yi rauni an kashe mutum kafin ya ga wanda ya harbe shi. Suna kuma da shaguna a cikinsu da ke ta kiran mutum ya sayi riga ko bindiga da kuɗin gaske. Skyrim na asali gem ne na zamanin da ake sayar da abu sau ɗaya a gama. Babu talla da ke katse wasa, babu wani baƙo daga wata ƙasa da zai zagi yaro ta lasifika, babu caca. Ana iya tsayar da shi a kowane lokaci, a ajiye inda aka tsaya, a tafi masallaci ko aike, a dawo a tarar da komai yadda aka bar shi. Mai buga gem ɗin intanet ba shi da wannan damar, domin idan ya tashi abokan wasansa ne za su kwana a ciki.

Sannan tsufansa ya zama riba. Na 2011 an yi shi ne domin kwamfutocin wancan lokaci: RAM giga 2 da wurin ajiya giga 6 su ne mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema. Laftof da yawa na hannu, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Kano, na iya ɗaukar sa idan aka rage kyan hoto. Na 2016 ya fi nauyi, yana neman RAM giga 8 da wurin ajiya giga 12, don haka wanda kwamfutarsa ta kwana biyu gara ya san wanne aka tura masa.

A nan akwai gargaɗi ga masu waya. Bethesda bai fitar da Skyrim na Android ba. Duk wani shafi ko bidiyo da ke cewa a sauke "Skyrim na waya" kyauta, ko dai wani gem ne daban aka liƙa wa suna, ko kuma manhaja ce da ke iya satar bayanai, a wayar da wataƙila da ita ake hulɗa da banki. Kwafin da ke yawo a filash ma yana da nasa hatsarin. Ba na halak ba ne a wurin masu shi, kuma sau da yawa yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Na halak ɗin ana sayar da shi a Steam, da kuma GOG tun 2022, a kan kusan dala 40, kodayake akan karya farashinsa sosai lokaci zuwa lokaci. Ga wanda ke lissafi da naira, ko a karyayyen farashin ma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sarautar da ba ta canza komai

Ɓangaren da ya fi kowanne hankali a labarin Skyrim shi ne yaƙin basasa. Ƙasar ta kasu gunduma tara, kowacce da sarkinta. Wasu na bayan daular da ke mulkin ƙasar daga nesa, wasu na bayan Ulfric Stormcloak, wanda ya kashe babban sarki ya ɗaga tutar tawaye saboda daular ta hana bautar wani abin bautarsu mai suna Talos. Marubutan sun yi ƙoƙari a nan, domin babu ɓangaren da hannunsa ke da tsabta. Daular ta miƙa wuya ga maƙiyanta ta sayar da mutuncin talakawanta, shi kuma Ulfric, a birninsa na Windhelm an ware baƙi a wata unguwa ta wulaƙanci. Fataken Khajiit, wata ƙabila mai kamannin kyanwa, ba a barin su shiga cikin ganuwa, sai dai su kafa zango a bakin ƙofa su baje kaya. Mai wasa ne zai zaɓi wanda zai mara wa baya, kuma duk garin da aka ci, ana tuɓe sarkinsa a naɗa wani, tsohon ya koma zaman gudun hijira a wani birni.

Mutanen Karaye ba sa buƙatar a koya musu nauyin irin wannan al'amari. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe dokar, bayan wata biyu kuma aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Kowane mataki cikin waɗannan an kwana ana tattauna shi a majalisu da teburan mai shayi, ya taɓa hakimai da dagatai, ya raba ra'ayi har a cikin gida ɗaya.

To a nan ne raunin Skyrim ke fitowa fili. Mutum zai jagoranci yaƙi, ya ci birni, ya sauya sarki, washegari ya shiga kasuwa ya tarar da mai sayar da kabeji na faɗin maganar da yake faɗa tun ranar farko. Dogarai sun sauya riga, tuta ta sauya launi, kusan shi ke nan. Duniyar tana da faɗi, amma ba ta cika riƙe abin da aka yi a cikinta ba. Mutum ɗaya zai iya zama shugaban mayaƙa, shugaban tsangayar matsafa, shugaban ɓarayi, kuma shugaban masu kisan haya, duk a lokaci guda, ba tare da wani ya tambaye shi yadda aka yi ba. Zai iya zama shugaban matsafan ma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na sihiri. Wanda ya ceci duniya daga Alduin zai dawo gari wani dogari ya yi masa magana kamar ɗan aike. Wasanni irin su The Witcher 3 na 2015 da Baldur's Gate 3 na 2023 sun nuna cewa ana iya yin labarin da zaɓin mutum ke bin sa har ƙarshe, sai dai su kuma suna neman kwamfutar da ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai.

Faɗan ma ba abin yabo ba ne. Sara da takobi ba shi da nauyi, kamar ana dukan buhun dusa har ya faɗi. Shi ya sa ya zama abin dariya a tsakanin masoyan gem ɗin cewa ko da wace niyya mutum ya fara, ƙarshe zai koma maharbin da ke laɓewa a duhu, domin ita ce hanya mafi sauƙi. Abokan gaba kuwa, za a iya harbin ɗayansu da kibiya, ya ɗan dudduba, ya yanke cewa iska ce, ya koma ya zauna da kibiyar a jikinsa. Kogunan da kaburburan da ke burge mutum a makon farko, zuwa mako na huɗu sun fara kama da juna, gawawwaki masu tafiya iri ɗaya, ƙofofi masu wasa ƙwaƙwalwa iri ɗaya.

Sai tangarɗar manhaja, wadda Bethesda ya yi suna a kanta. Wasu na ban dariya ne, kamar ƙaton da ke dukan mutum da kulki ya cilla shi sararin sama, ko mai shagon da ake kifa wa bokiti a ka a kwashe masa kaya yana tsaye. Wani gyara da kamfanin ya fitar a ƙarshen 2011 ma ya sa dodanni tashi da baya. Wasu kuwa na ɓacin rai ne, inda aiki zai maƙale ya ƙi ci gaba bayan an kashe masa awanni. Masu PlayStation 3 sun fi kowa shan wahala, domin gem ɗin kan riƙa nauyi yana tsaitsayawa idan wasa ya yi nisa. Masoya ne da kansu suka haɗa wani babban gyara na sa-kai da ya toshe ɗimbin waɗannan ramuka, amma sai mai intanet ne zai same shi, kuma ba lallai ya hau kan kwafin filash ba.

Abin da iyaye ya kamata su sani

Skyrim ba gem ɗin yara ba ne. A Amurka an yi masa alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Akwai jini, akwai sare kai, akwai shan giya, akwai sata da kisan haya a matsayin sana'o'in da mai wasa zai iya shiga. Ba a tilasta masa, kuma gem ɗin na da nasa hukunci. Wanda ya kashe ko kaza ce a ƙauyen Riverwood a gaban mutane, zai ga gari ya taso masa. Amma ƙofar a buɗe take.

Abin da zai fi tsaya wa gidan Musulmi a rai shi ne addinin da aka ƙaga wa duniyar. Akwai alloli da wuraren bautarsu, inda jarumi ke taɓa gunki ya samu waraka. Akwai wasu halittu masu kama da shaiɗanu da ke ba da makamai masu ƙarfi ga wanda ya yi musu aiki, kuma wasu ayyukan munana ne ƙwarai, har da yanka abokin tafiya a matsayin hadaya da cin naman mutum. Ana iya ƙin waɗannan duka a gama gem ɗin lafiya. Abin da ba a iya kauce wa shi ne ƙarshen babban labarin, wanda ke kai jarumi wata lahira ta ƙage da aka aro daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na da. Auren cikin gem ɗin ma bai bambanta jinsi ba idan mai wasa ya zaɓi haka.

Adabin Hausa ba baƙon aljanu da matsafa ba ne. Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa cike suke da su, haka littattafan yaƙi na marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa suka yi ta haya a shagunan littattafai. Sai dai a mafi yawansu matsafi shi ne abokin gaba, jarumi kuma da sunan Allah yake cin nasara. A Skyrim mai wasa ne da kansa ke iya zama matsafin, da yatsunsa yake danna maɓallin. Ko wannan bambanci ya kai a guje shi, magana ce ta malamai da iyaye, amma bai kamata uba ya ɗauka cewa duk abin da ake kira gem ƙwallo ce ba. Zama kusa da yaro na rabin awa ana kallo ya fi ƙwace kwamfutar bayan an yi wata shida ba a san abin da ke ciki ba.

Wuta, zafi da lokaci

Abin da gem ɗin bai ci a data ba, yana cin sa a wuta. Batirin tsohuwar laftof ba ya daɗewa a ƙarƙashin gem mai nauyi, ga zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki har kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai janareta ko sola ko shagon caji, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, awa ɗaya ta janareta ta zama abin lissafi a kowane gida.

Amma babban farashin lokaci ne. Wanda ya bi babban labarin kaɗai zai iya gamawa cikin awa 30 ko makamancin haka. Wanda ya tsaya leƙe-leƙe, kuma kusan kowa na tsayawa, zai wuce awa 100 bai sani ba, wasu har ɗaruruwa. An ma gina gem ɗin ta yadda wasu ƙananan ayyuka ke sake haihuwar kansu ba iyaka, saboda haka babu ranar da zai ce wa mutum ya gama, ya tashi. Wannan 'yancin da aka yaba a sama shi ne tarkon. Ƙwallon gidan gem na da alƙalin da ke hura tashi, da mai shago da ke miƙo hannu, da layin masu jira. Skyrim ba shi da ko ɗaya. Ga ɗalibin da WAEC ko NECO ko JAMB ke gabansa, ko saurayin da ake jira a gona da sassafe a tsakiyar damina, ko mai noman rani a gefen madatsar Challawa, awa 100 ba wasa ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar buga gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan bugawa kaɗai take nufi ba. Alamomin da ta ambata su ne mutum ya kasa iko da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci na tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu buga gem ke kaiwa wannan matsayi. Duk da haka, gem ɗin da ake bugawa a kaɗaice, a ɗaki, da abin ji a kunne, ya fi sauƙin ɓoyewa fiye da wanda ake bugawa a bainar jama'a.

Akwai abin da ake samu a madadin, kuma ba a raina shi. Skyrim gem ne na karatu da saurare. Yana da layukan magana sama da 60,000 da ɗaruruwan littattafai da wasiƙu da ake buɗewa a karanta a ciki. Yaron da ke son ya san inda zai je dole ya fahimci abin da aka ce masa, don haka yakan tsinci kalmomin Ingilishi da babu malamin da ya tilasta masa, ya kuma saba da kibod da linzamin kwamfuta a zamanin da JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Sai dai wannan ƙofa ce ga wanda ya riga ya ɗan iya. Ga wanda Ingilishinsa bai kai ba, labarin duka ya tafi, abin da ya rage masa bin alamar da ke saman allo da saran duk abin da ya motsa, wato ɓangaren da gem ɗin ya fi rauni. Kamfanin ya fitar da shi a harsuna irin su Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Rashanci. Babu Hausa, babu wani harshen Afirka.

Rijiyar Kusugu na jira

Wannan ne ke kawo tambayar da ke zuwa wa duk Bahaushen da ya daɗe a cikin dusar ƙanƙarar Skyrim. Masu shi sun ɗebo tatsuniyoyin kakanninsu ne, na mayaƙan arewacin Turai, suka gina kasuwar da ta sa Microsoft ya sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan dala biliyan 7.5 a cinikin da aka kammala a 2021. Baƙon da ya iso gari da dare, ya tarar da maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya sare kansa, ya auri sarauniya, ai labarin Bayajidda ne da rijiyar Kusugu a Daura, kuma babu abin da ya rasa na farkon gem. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwowinta, ga Barbushe da Tsumburbura a Dala, ga Gizo da Ƙoƙi, ga ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro.

Wasu a Afirka sun gwada da nasu. A Yaounde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a Afrilun 2016, labarin wani yarima, Enzo, da matarsa Erine, waɗanda ɗan'uwan matar ya yi wa juyin mulki a ranar aurensu da naɗinsa. Ƙaramin gem ne idan aka kwatanta da Skyrim, kuma masu yin sa sun yi fama da ɗaukewar wuta irin wadda kowa ya sani a nan, amma ya fito ya shiga kasuwar duniya. A Afrilun 2024 kuma Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, wanda aka gina a kan al'adun Bantu, har ana iya sauraren sa da Swahili.

Ga mai son fara koyo, Skyrim ɗin kansa makaranta ce. Tun Fabrairun 2012 Bethesda ya saki manhajar da ma'aikatansa suka gina duniyar da ita, mai suna Creation Kit, kyauta ga duk wanda ya mallaki gem ɗin a kwamfuta. Da ita masoya suka ƙara garuruwa da makamai da labarai dubbai, suna ɗora su a shafuka irin su Nexus Mods, wasunsu har sun samu aiki a kamfanonin gem ta wannan hanya. A Turkiyya da Brazil, 'yan sa-kai ne suka zauna suka fassara gem ɗin zuwa harsunansu da kamfanin bai yi ba. Duk wanda zai gwada haka da Hausa, layuka 60,000 na jiran sa, kuma tun a awannin farko zai ci karo da matsalar da za ta kai shi wurin tsofaffi: ko abin nan mai fiffike da ya sauka a Helgen dodo za a kira shi, ko maciji.